Me Ya Sa Kwamfutarka Take Sandarewa? Lacca Ga Masu Aikin Zane Mai Motsi



Malam shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, ƙannena maza da mata 'yan wannan sana'a, barkanku da zuwa. An ce in yi magana a kan matsalolin da mai aikin zane mai motsi yake gamuwa da su a kwamfuta, da kuma irin na'urar da ya kamata ya saya. Na san akwai waɗanda abin da ya kawo su shi ne su ji na kama sunan laftof guda, su rubuta a takarda, su koma gida su fara tarin kuɗi. Zan kama sunaye, amma ba da su zan fara ba. A ganina, kuɗin da 'yan sana'ar nan suke zubawa a na'ura, mafi yawansu suna tafiya ne inda ba nan matsalar take ba. Wani ya sayi katin girafik mai tsada alhali ram ce ta gaza masa. Wani ya rabu da kwamfuta lafiyayya a kan rabin kuɗinta alhali ƙura ce kawai ta toshe mata fanka.

Abu na farko, manhajojin nan ba abu ɗaya suke nema a jikin kwamfuta ba. After Effects tsohuwa ce. Wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna CoSA ne ya fitar da ita a 1993, ta koma hannun Adobe a 1994, kuma har yau ƙarfinta ya fi dogara ga firosesa da ram. A ƙarshen 2021 aka ba ta sabon tsarin sarrafa firem da yawa a lokaci guda, abin da ya sa yawan ƙwayoyin firosesa ya fara yi mata amfani sosai. Blender kuwa, idan kana fitar da aiki da injinta na Cycles, katin girafik ne yake ɗaukar nauyin. Haka DaVinci Resolve, haka Redshift da Octane da masu Cinema 4D suke amfani da su. Mai zanen katun na hannu da Krita ko OpenToonz ko Moho, shi buƙatarsa kaɗan ce, allon zane mai kyau ya fi masa katin girafik amfani. Saboda haka duk wanda ya tambaye ni wace kwamfuta zai saya, ni ma tambayarsa nake yi: wace manhaja kake wuni a ciki?

Mu tsaya a kan ram, don a nan ne masu After Effects suka fi shan wahala. Ku ɗauke ta kamar teburin tela. Yadi yana iya cika shago, amma wanda aka shimfiɗa a tebur shi kaɗai ake iya yankawa, idan kuma teburin ƙarami ne sai an yi ta naɗewa ana warewa. Ga lissafin. Firem ɗaya mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo yana cin bayit 4: ja, kore, shuɗi, da ma'aunin yadda ake ganin abin da ke bayansa. Ka ga firem ɗaya ya haura megabayit 8 ke nan. A firem 25 cikin daƙiƙa, daƙiƙa ɗaya ta cinye megabayit 207, daƙiƙa goma sun kai giga 2. Wannan kuwa a mafi ƙarancin zurfin launi ne. Ka ɗaga shi zuwa bit 16 ya ninka, ka koma 4K ya ninka sau huɗu. To mai giga 8, bayan Windows ta ɗebi nata, Chrome da ya bari a buɗe ta ɗebi nata, manhajar kanta ta ɗebi nata, me ya rage? Shi ya sa koren layin nan da ke saman jadawalin aiki yake tafiya kaɗan ya tsaya. Ba lalacewa ba ce, wuri ne ya ƙare. Adobe da kansu giga 16 suka sa a matsayin mafi ƙaranci, 32 ga mai aikin 4K.

Kafin ka samu kuɗin ƙari, akwai abin yi. Ka mayar da ingancin kallo zuwa Half. Mutane suna zaton rabin aiki ya ragu, alhali kashi uku cikin huɗu ne ya tafi, tunda an raba faɗi biyu an raba tsayi biyu. A Quarter kuwa kashi ɗaya cikin 16 kawai kwamfutar take lissafawa. Mai duba ko motsin rubutu ya dace da kiɗa ba ya buƙatar ganin kowane ɗigo. Ka taƙaita wurin da kake dubawa zuwa daƙiƙoƙin da kake gyarawa. Sashen da ka gama, ka fitar da shi bidiyo ka dawo da shi a matsayin shimfiɗa ɗaya, kada kwamfuta ta yi ta maimaita lissafin da ta riga ta yi.

Maganar ma'ajiya gajeriya ce. Tsohon had-dis mai juyawa da ƙyar yake wuce megabayit 150 a daƙiƙa, SSD na gama-gari yana kai 550, NVMe yana haura 3,000. Duk wanda har yanzu Windows ɗinsa take kan had-dis, to kuɗinsa na farko SSD zai saya, babu wata muhawara. Kada kuma a bari ya cika maƙil, domin After Effects tana jibge firem ɗin wucin gadi a ciki har giga da yawa. Lokaci-lokaci a shiga Edit, a zaɓi Purge, a share.

Katin girafik shi ma yana da tasa ram ɗin, kuma a aikin 3D yawanta yakan fi saurin katin muhimmanci. Hoton fata ɗaya, wato wanda ake lulluɓa wa bango ko riga, mai girman 4096 a kowane gefe, yana iya cin megabayit 64. Mai 8192 ya ci 256. Ka sauko da kujera daga intanet mai irin waɗannan hotuna guda biyar, ka sa ta can ƙarshen ɗaki inda ba ta fi ƙwayar gyaɗa girma a allo ba, sannan Blender ta ce maka ƙwaƙwalwar kati ta ƙare, ka ce kwamfuta ba ta da kyau. Akwai wurin da ake kira Simplify a Blender, yana rage girman dukkan hotunan a tashi ɗaya. Wannan ne ma dalilin da ya sa RTX 3060 na tebur mai giga 12, wanda ya fito tun 2021, har yanzu nake ganin ya fi wasu sababbi masu giga 6 amfani ga mai 3D.

Sau da yawa kuma katin yana nan lafiya ƙalau, ba a sa shi aiki ba ne. A Blender wuri biyu ake kunna shi. Za ka shiga Preferences, ɓangaren System, ka zaɓi OptiX idan katinka RTX ne, ko CUDA ga tsofaffin NVIDIA, ko HIP ga AMD. Sannan ka dawo cikin aikin kansa ka sauya na'urar fitarwa daga firosesa zuwa kati. Da yawa suna yin na farko su manta na biyu, katin dubban ɗaruruwan naira yana zaune, firosesa tana ta gumi.

Ta yaya za ka san wanda ya gaza? Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ta buɗe, ka shiga Performance, ka bar ta a gefe, ka koma ka yi abin nan da yake sa kwamfutar nauyi. Ka zuba ido. Idan ram ta haura kashi 90 kuma ma'ajiya tana ta aiki ba tsayawa, ram ce. Idan firosesa ta cika ɗari, sauran suna hutawa, ita ce. Idan kuwa ka ga saurin firosesa ya fara a wajen gigahaz 4, bayan minti goma ya gangaro ƙasa da 2, fanka tana kuka, to ba ƙarfi ta rasa ba. Zafi ne.

A nan nake so mu daɗe, domin masu ba da shawara a YouTube yawancinsu a ɗaki mai sanyi suke zaune, ba su san Afrilun Kano ko na Sakkwato ko na Maraɗi ba, lokacin da zafi yake kai digiri 40 har ya wuce. An ƙera firosesa ta yadda idan ta kusa digiri 95 zuwa 100 za ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Iskar da fanka take ja daga ɗaki ita ce ke sanyaya ta, to idan iskar ɗakin da kanta zafi gare ta, tazarar ta ragu tun kafin a fara aiki. Sai kuma hunturu ya zo da ƙurarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyara yana kwance laftof ɗin da ta shekara biyu ba a buɗe ba ya ga abin. Tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska take bi ta fita, za a tarar da wani dunƙulen ƙura da zaren bargo ya kwanta, toka-toka, ya danne har ana ɗago shi da tsinke a yanki guda. Fanka tana juyawa, ƙararta ma ta ƙaru, amma iska ba ta fita. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi ma za a tarar ya bushe ya farfashe. A cire ƙurar, a goge tsohon man, a ɗiga sabo, sai ka ji mai ita yana cewa kamar an sauya masa kwamfuta.

Don haka a riƙa buɗewa ana sharewa aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce, kafin bazara ta kankama. Mai hura iska ya riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. A daina ɗora laftof a kan katifa ko darduma, ƙofofin iskar a ƙasa suke. A ɗaga bayanta ko da da littafi ne. Akwai manhaja ta kyauta mai suna HWiNFO da take nuna zafin kowane sashe. Babban aiki kuma, in da hali, a bar shi sai dare.

In da wuta ke nan. Mu zo kan wuta.

Laftof mai katin girafik ba ta ba da cikakken ƙarfinta a kan batir, sai an jona caja, kuma cajar ta zama mai ƙarfin da aka rubuta mata. Wadda take neman wat 180 ka ba ta cajar wat 65, ko dai ta ƙi caji ko ta yi ta jan ƙafa. Mai kwamfutar tebur kuwa UPS dole ne a gare shi, amma ya san iyakarsa. Ƙaramin nan mai lamba 650 bai kai wat 400 ba, kuma amfaninsa 'yan mintoci ne da za ka adana aiki ka kashe, ba na ci gaba da aiki ba. Wutar ƙaramin janareta tana hawa tana sauka, ita ce take cin caja da akwatin wutar kwamfuta a hankali. Wanda ya samu halin sola da inbata ya huta da rabin wannan magana.

Amma akwai dabarar da ba ta cin ko sisi, kuma ina mamakin yadda ƙalilan ne suke yinta. Kada ka fitar da dogon aiki kai tsaye a matsayin MP4. Minti ɗaya na fim firem 1,500 ne. Idan kowane firem yana cin minti biyu a Cycles, awa 50 ke nan. Wa zai ba ka wutar awa 50 a jere? Idan aka ɗauke a awa ta 40 kana rubuta MP4, fayil ɗin yawanci ba zai buɗu ba, ka koma farko. Ka fitar da shi hoto-hoto, PNG ko EXR, kowane firem da lambarsa a cikin folda. An ɗauke wuta a firem na 900, an kawo, ka goge na ƙarshen don wataƙila bai kammala ba, ka cire alamar Overwrite a Blender, ta tsallake waɗanda ke nan ta ɗora daga inda ta tsaya. After Effects ma tana da zaɓin tsallake fayilolin da suka riga suka fita. Haɗa hotunan su zama bidiyo aikin 'yan mintoci ne. Ƙari a kan haka, idan mai aiki ya ce a gyara daƙiƙa uku a tsakiya, firem 75 kawai za ka sake.

Minti biyun nan ma a duba shi. Rage yawan samfurin haske, ka kunna mai share dusar hoto, sau da yawa firem ya dawo daƙiƙa 20, awa 50 ta koma takwas da 'yan mintoci. Ko ka koma EEVEE, injin Blender mai sauri. Kada wani ya ce maka na 'yan koyo ne: fim ɗin Flow na Gints Zilbalodis, ɗan ƙasar Latbiya, da Blender aka yi shi, da EEVEE aka fitar da shi, kuma shi ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane mai motsi a 2025.

Wata matsalar kuma daga bidiyon da aka kawo maka take. Waya ba ta riƙe adadin firem ɗaya, tana hawa da sauka gwargwadon haske da zafi, shi ya sa za ka ga baki da murya sun dace a farko, zuwa minti na biyar sun rabu. Sannan tsarin H.264 da H.265 an yi su ne don kallo da aikawa, ba sa ajiye kowane firem cikakke, sai kwamfuta ta waiwaya baya ta harhaɗa. Kafin ka fara aiki ka bi da bidiyon ta HandBrake ka daidaita adadin firem, ko ta Shutter Encoder ka mayar da shi ProRes ko DNxHR. Fayil zai yi girma, aiki zai yi sauƙi.

Idan manhaja ta fara rufe kanta, ƙa'idar ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ka fara da tambayar me ya sauya tun ranar da take lafiya: sabon fulogin, sabon direba, sabon salon rubutu, ko Windows ta sabunta kanta da dare? Ka buɗe sabon aiki fanko. Idan shi lafiya, to laifin yana cikin aikinka. Ka kashe rabin shimfiɗun ka gwada, ka sake raba rabin da ya ƙi, a haka har ka kama mai laifin. Idan kullum a firem ɗaya take mutuwa, je ka duba abin da ya shigo a wannan firem. Idan fankon ma ya ƙi, ka riƙe Ctrl da Alt da Shift lokacin da After Effects take tashi, ta mayar da saitinta na asali. Mai katin NVIDIA ya sa direban Studio, ba na 'yan wasa ba, kuma kada a sabunta komai ana tsakiyar aikin mutane. Abin da ba na so shi ne gaggawar nan ta "a yi mata fomatin". An goge komai, an kwana ana mayar da manhajoji, matsalar ta dawo, kuma ba a koyi komai ba.

Wasu abubuwan ma dariya za su ba ka. Allon After Effects ya ƙi sabuntawa, jan layi ya fito a ƙasa: Caps Lock ne a kunne. Komai ya koma ruwan hoda a Blender: hotunan fata ne suka ɓata saboda an matsar da folda, maganinsa Pack Resources kafin a kai aiki wata kwamfutar, kamar yadda Collect Files yake a After Effects. Ka rubuta take da Hausa, ƙ da ɗ da ɓ suka fito akwati-akwati ko suka bambanta da sauran baƙaƙe: salon rubutun ne ba shi da su. Noto Sans da Andika da Charis suna da su, kuma kyauta ne. Don Allah a daina cire wa baƙaƙenmu lanƙwasa a allon fim saboda ƙyuyar neman salon da ya dace.

Sai maganar da ba a so a yi a fili, ta manhajar sata. Na san kuɗin Adobe na wata-wata da dala yake, na san yadda naira take. Amma wanda ya sa kirak ya sani cewa ya kashe mai gadin kwamfutarsa da hannunsa ya shigo da abin da bai san cikinsa ba, kuma idan ta fara rufe kanta babu mai iya ce masa ga dalili. Ga kuma haƙƙin masu ita. Blender kyauta ce tun 2002, lokacin da Ton Roosendaal na Holan ya nemi taimakon jama'a aka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai aka 'yanta ta. DaVinci Resolve tana da ta kyauta, da Fusion a cikinta. Mai farawa yau ba shi da hujjar da muke da ita a da.

To, mu shiga kasuwa. Yawancinmu na hannu muke saya, a Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja, kuma babu aibi a ciki, akwai kaya masu kyau. Sai dai "Core i7 ce" ba bayani ba ne. Ka karanta lambar da ke gaba. i7-3520M 'yar 2012 ce, ƙwayoyinta biyu, i5 ta ƙarni na 12 ta fi ta nesa ba kusa ba. Harafin ƙarshe ma magana ne: U ta ofis ce mai tattalin batir, H ita ce ta aiki mai nauyi. Kada ka sayi Intel da ta gaza ƙarni na 8, domin daga nan Windows 11 ta fara karɓa, kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. "Tana da girafik giga 2" shi ma ba bayani ba ne, ka nemi sunan katin. Masu MX da GT 730 ba na 3D ba ne. Ka tambaya ko ram ɗin ana ƙarawa ko a like take, don MacBook masu M1 zuwa sama yadda ka saya haka za ka zauna da ita. Ka je da filasha mai ɗauke da CrystalDiskInfo da GPU-Z da HWiNFO da wani aikinka mai nauyi, ka roƙi mai shago ya bar ka ka kunna shi minti goma sha biyar kana kallon zafi. Gani ya kori ji, kuma ɗan kasuwar kirki ba zai hana ka ba. Idan ba yawo kake da aiki ba kuma kana da tsayayyiyar wuta, kwamfutar tebur ta fi laftof a kuɗi ɗaya, ta fi shan iska, ana kuma sauya mata kaya ɗaya bayan ɗaya. Jerin da nake bi shi ne SSD, sai ram zuwa 16 ko 32, sai kariyar wuta, sannan katin girafik.

Ajiyar aiki kuma kada a yi wasa da ita. A 1998 wani umarni da aka buga bisa kuskure a Pixar ya goge mafi yawan fayilolin Toy Story 2, aka duba ajiyar kamfani aka tarar ba ta aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su shi ne kwafin da Galyn Susman take da shi a gida, saboda ta haihu tana aiki daga can. Kwafi uku ake so, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Filashar da ke cikin jaka ɗaya da laftof, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su.

Malam shugaba ya ɗaga mini hannu, lokaci ya yi. Za a buɗe fagen tambayoyi, ina da roƙo ɗaya: wanda zai tambaya a kan kwamfutarsa kada ya ce mini "tana nauyi" kawai. Ya faɗi cikakkiyar lambar firosesa, da yawan ram, da sunan kati, da manhajar da yake amfani da ita, da abin da yake yi lokacin da ta tsaya. Wanda ya zo da laftof ɗinsa ya buɗe Task Manager tun yanzu, mu duba tare.